Muhawara: Shin fesa sifirit da kunna laita sun isa tsabtace kilifa a shagon aski?

Uban Yara Uku, Kano:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da kuma masu sana'ar aski da ke cikinmu. Makonni uku bayan ƙaramar Sallah wani tabo mai zagaye ya fito a kan ɗana na tsakiya, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Da muka je asibiti aka ce makero ne, aka rubuta mana maganin sha na makonni, domin a cewar likitan na shafawa kaɗai ba ya kaiwa ga saiwar gashi. Sai na tuna daren jajibere da na kai su aski, shagon cike maƙil da yara har waje. Duk yaron da ya tashi daga kujera, mai askin yakan fesa wa bakin kilifa sifirit, ya ƙyasta laita, wuta ta yi bal ta mutu, ya ɗora wa na gaba. Ni kaina da na ga wutar hankalina ya kwanta. Makeron bai dame ni sosai ba tunda yana warkewa, abin da ya hana ni barci shi ne a daren kilifar ta ɗan yanki yaron a ƙeya har jini ya tsattsafo. Idan cutar fata ta iya tsallake wannan wuta, me zai hana cutar jini tsallakewa?

Mai Aski a Zariya:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba yaro lafiya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma na saba jin duk abin da ya fito a kan yaro a ɗora wa mai aski, alhali yaron nan yana zuwa makaranta, yana sa hular abokinsa, yana kwana filo ɗaya da 'yan'uwansa, yana wasa da kyanwa da akuya. Ban ce ba a ɗaukar makero a shago ba, amma ba mu kaɗai ba ne hanya. Maganar wuta kuma, ku masu zuwa askin ne kuka mayar da ita dole. Akwai lokacin da na daina kunnawa saboda tana kashe kaifin ƙarfe, sai mutane suka riƙa cewa na zama ƙazami, wasu ma suka koma shagon maƙwabcina. Da na dawo da laita suka dawo.

Malamar Jinya, Katsina:

Malam mai aski ya faɗi gaskiya a kan makero, domin yara suna ɗaukarsa a gida da makaranta, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa daga shago kaza aka samo shi. Sai dai ƙwayar da ke haddasa shi tana iya zama watanni a jikin mataji da burushi da ƙyallen da ake ɗaura wa mutum a wuya, kuma waɗannan ba wanda yake fesa musu sifirit balle ya ƙona su. Kowa idonsa yana kan bakin kilifa, burushin hoda kuwa yana yawo daga kai zuwa kai tun safe har dare.

Tambayar Alhaji ta biyu ce ta fi nauyi. Idan aka ce cutar jini a shagon aski, zukatan mutane sukan tafi ga ƙanjamau, amma ƙwayar ƙanjamau ba ta da juriya idan ta bar jikin mutum. Wadda ta fi cancanta a ji tsoro ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a cikin busasshen jinin da ido ma ba ya gani, kuma har a lokacin tana iya kama wanda ba shi da riga-kafi. A wurin aikinmu an koya mana cewa idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki ma'aikaci, yiwuwar ɗaukar ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000, amma na ciwon hanta nau'in B yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda ba a yi wa riga-kafi ba. Yankan kilifa bai kai sukar allura haɗari ba, na kawo lissafin ne don a ga tazarar da ke tsakanin cututtukan biyu. Ga kuma yawan masu ɗauke da ita: babban binciken da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, kusan kashi 1 cikin 100 suna da nau'in C, ƙanjamau kuma kashi 1.4 cikin 100. Wato idan mutum ashirin da biyar suka zauna a kujerarka a yini, a bisa wannan ƙiyasi biyu daga cikinsu suna iya kasancewa da nau'in B, kuma galibinsu ba su sani ba, domin cutar takan shafe shekaru ba ta nuna alama kafin ta taɓa hanta.

Sifirit yana kashe wannan ƙwaya, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a fara kakkaɓe gashi da datti da maiƙo daga tsakanin haƙoran kilifar, domin sifirit ba ya ratsa dauɗa. Na biyu, a bar ƙarfen a jiƙe na ɗan lokaci. Abin da laita take yi shi ne ta ƙone sifirit ɗin tun kafin ya yi aikinsa, ita kuma wutar daƙiƙa biyu ko uku ba ta isa ta gasa ƙarfe ba, kuma ba ta shiga tsakanin ƙarafa biyun da ke gugar juna, inda gashi da ɓurɓushin fata suke maƙalewa. A ganina wanda ya fesa ya jira ya fi wanda ya fesa ya kunna.

Mai Aski a Zariya:

Hajiya, na ji bayaninki kuma na ƙaru, amma ki zo shagona ranar jajibere ki ce wa uban da ya zo da yara biyar ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya jira minti goma tsakanin kowane kai. Janareto yana shan mai, layi yana ƙaruwa, kuma abin da muke samu a waɗannan kwanaki biyu shi muke rufe ramin wata guda da shi. Wasu abokan sana'armu kananzir ko fetur suke gogawa, suna cewa ya fi sifirit ƙarfi tunda ya fi wari. Me za ki ce a kan wannan? Sannan ni ina da akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake sa kilifa a ciki, na saye shi da tsada, shi ma ba shi da amfani ke nan?

Malamar Jinya, Katsina:

Malam, kananzir da fetur suna narkar da maiƙo su sa ƙarfe ya yi sheƙi, amma ba magungunan kashe ƙwayar cuta ba ne, kuma suna ƙona fatar yara. Wari ba shi ne ma'auni ba. Akwatin fitila kuwa haskensa yana aiki ne a inda ya haska kawai, duk abin da ke ƙarƙashin gashi ko cikin lungu bai san ana yi ba, ƙwan fitilar kuma yana raunana da tsufa ko da yana ci gaba da nuna shuɗi. Wurin ajiye kayan da aka riga aka tsabtace ne. Abin da ya fi araha kuma muka daɗe muna amfani da shi a ƙananan asibitoci shi ne ruwan bilic irin su Jik: idan kwalbar ta nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, a zuba murfi ɗaya a murfi shida na ruwa, a kwance bakin kilifar a wanke shi, a jiƙa minti 10, a ɗauraye, a busar, a ɗiga masa mai don kada ya yi tsatsa. Haɗin kuma kullum ake sabuntawa. Na san yana cin ƙarfe idan aka wuce lokaci, shi ya sa ake ƙayyade mintunan.

Jikan Wanzami, Sakkwato:

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, saboda na san da an ambaci tsabtar kayan aski a kanmu za a ƙare. Kakana wanzami ne, mahaifina ma haka, ni ma ina riƙe da zabira duk da ina aikin gwamnati. Aikinmu ya fi na mai kilifa kusanci da jini nesa ba kusa ba, tunda ban da aski muna yin kaciya da ƙaho da sakiya, mu ne kuma ake kira ranar suna mu aske jariri. A zamanin kakana aska ɗaya ce, a wasa ta a dutse, a goga a fata, a wanke da ruwa, a wuce gida na gaba, kuma ba don mugunta ba, iyakar abin da aka sani ke nan. Yanzu da yawanmu a birni mun koma reza sabuwa, ana ɓare ta a gaban mai gida, in an gama a karya a binne ko a jefa a masai. Abin da ba shi da na yarwa, kamar ƙaho da sauran ƙarafa, ni dai tafasa su nake yi a tukunyar da na keɓe, kamar yadda wani ma'aikacin lafiya ya nuna mini, minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙauye har gobe akwai dattijon da zai ce maka askar da ya gada tana da albarkar da reza ba ta da ita, kuma masu gidan ma ita suke so. Irin wannan ba ma'aikacin lafiya ne zai canza shi ba, Sarkin Aska na yankin ne zai kira shi su zauna, domin maganar sarkin sana'a ce wanzami yake ji.

Malamar Jinya, Katsina:

Yallaɓai, na ji daɗin wannan magana, kuma ta kawo mu inda na fi so a tsaya. Babban mutum idan ya ɗauki nau'in B, galibi jikinsa yakan kore shi, waɗanda yake zame wa na dindindin ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka ɗauka a farkon rayuwa sukan rayu da shi, su ne kuma suke zuwa mana suna da shekara talatin ko arba'in da kumburin ciki da shawara, wani lokaci da dajin hanta. Mafi yawan masu ɗauke da cutar a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka samu, wasu daga uwa lokacin haihuwa, wasu a shekarun yarinta. Saboda haka askar ranar suna da ta cire beli da ta kaciya sun fi kilifar babban mutum muhimmanci a wannan lissafi. Najeriya ta sa riga-kafin wannan cuta cikin alluran yara tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, wato kwana shida kafin wanzami ya shigo gidan. Matsalar ita ce matan da suke haihuwa a gida sukan jira sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in, kafin a kai jariri asibiti. Da wanzamai za su riƙa tambaya kafin su buɗe zabira ko an yi wa jariri allurar farko, da sun yi mana aikin da mu ba mu iya yi ba, domin ku kuna shiga gidajen da mu ba ma shiga. Cire beli kuwa, ku yi mini afuwa, ni ban ga dalilinsa ba ko da da sabuwar aska ne, mun sha karɓar jarirai jini ya ƙi tsayawa.

Jikan Wanzami, Sakkwato:

Hajiya, maganar beli muhawara ce mai zaman kanta, kuma ko a cikin gidanmu ba mu haɗu a kanta ba, don haka zan bar ta. Ta tambayar allura kuwa na karɓa, ba ta rage mini komai.

Tsohon Duba-gari, Bauchi:

Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani a shekarun da na yi ina zagaye. Idan muka shiga shagon aski, abin da ke cikin takardarmu shi ne shara da ruwa da iska da wurin zubar da gashi, kuma mai shago yana hango mu zai jera kwalaben sifirit a gaban madubi. Wata rana na buɗe irin wannan kwalba na shinshina, ruwa ne zalla aka ɗiga wa turare. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa, yaro ne ya yi wata shida yana share gashi a shagon ubangidansa, ya ga ana ƙyasta laita, shi ma ya buɗe nasa yana ƙyastawa. Akwai abubuwa biyu da ba a ambata ba. Ɗaya shi ne dunƙulen alif da ake goga wa wanda aka yanka don jini ya tsaya, dunƙule ɗaya a fuskar kowa, wanda a ganina ya fi kilifar kanta muni tunda a kan ciwo ake ɗora shi kai tsaye. A daka shi gari, a ɗiba da sabuwar auduga, shi ke nan. Na biyu shi ne masu yankan farce da ke yawo kasuwa da tasha da ƙaramin almakashi da 'yar wuƙarsu, suna bi daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma sau da yawa sai sun taɓa nama. Su ba su da shago, ba su cikin takardar kowa.

Alhaji Na Maraɗi:

Baba duba-gari ya tuna mini da Mina. Shekarar da na sauke farali, bayan jifa ranar Sallah kowa yana neman inda zai aske kai ya fita daga harami. Hukumomin Saudiyya suna da wuraren aski masu lasisi inda ake sa sabuwar reza ga kowane alhaji, kuma malaman bita sun gargaɗe mu tun daga gida mu guji masu aski na bakin hanya. Duk da haka da idona na ga 'yan tantinmu sun zauna a jere, ɗaya yana aske sauran da reza guda, kawunan duk sun yi jini-jini, suna cewa ai a wuri mai alfarma ba abin da zai same su. Na ce musu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma bai ware Mina ba. Wasu suka ji, wasu suka ce na cika tsoro. Mu nan Nijar halin shagunanmu ɗaya ne da naku, laitar ma iri ɗaya ce.

Malamin Firamare, Gusau:

Shawarar da na fi ji a bakin 'yan boko ita ce kowa ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita. Shawara ce mai kyau ga mai hali, ni ma na saya, amma ina so a lura da abu biyu. Idan kilifa ɗaya ce ta gida, uba da 'ya'ya da ƙanne da almajirin gida duk ita suke amfani da ita, to an rage haɗarin waje ne kawai, domin ciwon hanta ya fi yawo tsakanin mutanen gida ɗaya. Sannan yaran da suka fi shiga haɗari ba su ne masu zuwa shago ba. Ku je tsangaya ranar Alhamis ku ga yadda babban almajiri yake yi wa ƙanana ƙwal-kwabo da reza ɗaya har ta dakushe, kan kowane yaro da makero da ƙuraje. Kuɗin fakitin reza bai kai na kwanon abincin da muke ba su sadaka ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai sadakar reza tsangaya ba.

Mai Aski a Zariya:

Malam, wannan magana ta tsangaya ta taɓa ni, domin ni ma a can na fara riƙe reza. Hajiya, saura tambaya ɗaya. Ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeyar samari su taru su zama tudu, kullum mu ake zagi a kansu, ana cewa kilifa mai datti ce. Gaskiya ne?

Malamar Jinya, Katsina:

A nan kam an fi ɗora muku abin da ba naku ba. Irin waɗannan ƙuraje ba ɗaukarsu ake yi daga wani ba, sun fi samun maza masu murɗaɗɗen gashi irin namu, kuma abin da ke tayar da su shi ne askin da ake kankarewa har fata da gugar wuyan riga ko hula a wurin. Datti yana iya sa su yi ruwa, amma ba shi ne tushe ba. Wanda ya fara ganinsu ya daina kankare ƙeya, ya koma saisaye, ya je asibiti tun suna ƙanana. Kai kuma kada ka bi ta kansu da kilifa, domin suna fashewa su yi jini.

Maganar jajibere kuma ban manta ba. Ba sai layi ya tsaya ba idan kana da bakin kilifa biyu ko uku, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jiƙe, ɗaya yana bushewa, yaron shago yana juya su. Kuma bari in tambaye ka, Malam: a shekara goma sha ɗayan nan sau nawa reza ta yanke ka a yatsa kana tsakiyar gyaran fuska? Mai zuwa aski sau biyu yake zama a wata, kai kuwa hannunka yana cikin wannan haɗari kullum. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ina roƙonka ka je a gwada jininka, idan ba ka da cutar a yi maka riga-kafi, allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Idan kuma an same ta akwai magungunan da ke danne ta su kare hanta. Nau'in C ba shi da riga-kafi, amma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyin sha cikin kusan wata uku.

Mai Aski a Zariya:

Yankan yatsa ai ba ya ƙirguwa, Hajiya, auduga nake naɗawa in ci gaba. Gwaji kuwa, gaskiya tsoron sakamakon nake yi, kuma ina tsoron a ji a unguwa a daina zuwa shagona. Amma zan je, ba a garinmu ba. Bakin kilifa na biyu zan saya, sai dai laitar ba zan ajiye ba tukuna, zan jiƙa in busar sannan in ƙyasta musu ita su gani, in ba haka ba maƙwabcina zai kwashe mini mutane kafin babbar Sallah.

Uban Yara Uku, Kano:

Na gode muku duka. Jiya da dare na sa uwargida ta ciro katunan riga-kafin yaran. Biyun ƙanana, har da mai makeron, an yi musu allurar haihuwa da sauran ukun da ke biye, don haka hankalina ya ɗan kwanta game da yankan ƙeyar. Babban kuwa a ƙauye aka haife shi, katinsa ya nuna sai da ya yi wata huɗu aka fara kai shi, kuma layin ƙarshe babu sa hannu. Ni kaina an haife ni shekaru da yawa kafin 2004, ban taɓa yin gwajin ba, kuma tun ina yaro wanzami ɗaya ne yake aske mu da mahaifina da ƙannensa a zaure duk Juma'a. Ranar Litinin ni da babban za mu je asibiti. Hajiya, idan aka ce katin yaro bai cika ba, daga farko ake sake allurar ko daga inda aka tsaya ake ɗorawa?

Malamar Jinya, Katsina:

Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, Alhaji, ba a sakewa daga farko. Amma tunda ya girma kuma an makara da ta haihuwa, ka ce a fara gwada shi tukuna, ita ma uwargida a gwada ta. Ku tafi da katin.